Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Shekara tara ke nan da muka rufe yayana Namata a Matankari, amma ban taɓa jin rashinsa kamar a wannan makon ba. Malamin gona ne shi, ni ma aikin na bi. Yau ina tare da wata ƙungiyar manoma a Dogon Dutsi, kuma akwai takarda a kan teburina da ake jira in sa wa hannu kafin ruwan shuka ya sauka.

Ƙungiyarmu ta kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda manomi zai yi wa magana ta waya ta ba shi shawara. Ba da ka take amsawa ba. An ba ta kayan aiki, wani na duba hasashen ruwa, wani na lissafin taki, kuma kowanne yana da rubutaccen bayani da take karantawa don ta san yaushe za ta ɗauke shi da abin da za ta saka masa. Wasu masana a Yamai suka rubuta bayanan. Ni aka ce in duba ko sun yi.

Da na karanta, wallahi sun burge ni. Faransanci ne tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Har na ɗauki biro, sai Yaya ya faɗo mini a rai.

Shi mutum ne mai wahalar sha'ani a kan takarda. Idan ya rubuta yadda ake haɗa maganin feshi, ba ya kai wa abokan aikinsa, domin a cewarsa su sun riga sun san amsar. Wurin wani tela maƙwabcinmu yake kaiwa, mutumin da bai taɓa riƙe famfon feshi ba, ya ba shi bokiti da ruwa, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya, ya yi gum. Tela na ɗaga kai ya yi tambaya, Yaya zai karɓe takardar ya sake rubutawa. Na sha yi masa tsiya cewa ya mai da bawan Allah ɗan lakwal, wato ɗan makaranta. Sau ɗaya ya tanka mini: "Hadiza, in takardag ga ta tahi ƙauye, ba ni biye da ita. Abin da ban rubuta ba, wa za shi hwaɗa musu?"

Sai na ajiye biron, na yi wa manhajar irin gwajinsa. Na yi magana kamar yadda kawunmu na Geceme zai yi, domin shi bai san hekta ba, da iri yake auna gona. Na ce, "Gonata tiya ukku taka ci, taki nawa zan sa?" Na koma gefe ina jiran amsa.

Ba ta tambaye ni komai ba. Bayanin kayan lissafin ya ce kawai a saka girman gona da lamba. Bai faɗi ma'aunin ba, bai kuma faɗi abin da za a yi idan manomi ya zo da nasa awon ba. Ta ɗauki ukun ta mai da shi hekta uku, ta faɗa mini takin da zai ƙone tsiron gero a cikin rairayinmu, da murya mai daɗi da cikakken tabbaci.

Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Telan Yaya yana ɗaga kai idan ya rikice, wannan kuwa cike giɓin take yi da kanta. Ina jin da Yaya yana raye ba zai zagi na'urar ba, ba halinsa ba ne ya ga laifin mai karatu. Masu rubutun zai tasa a gaba, da ni da na kusa wuce da shi saboda kyan Faransanci. Kuma wannan giɓin da na gani ke nan. Nawa ne ban gani ba?

Na mayar da takardar babu sa hannu, na rubuta abin da ya rage: ma'auni, misali da bakin manomi, da umarnin ta yi tambaya idan ba ta tabbata ba. Shugabanmu bai ji daɗi ba. Ya ce idan ruwa ya riga gyaran sauka, manoma za su kira su ji shiru, su koma zuba taki da ƙiyasi, kuma ni zan amsa. Gaskiya ya faɗa.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bar mini shi ne wannan rashin kwanciyar rai, kuma akwai ranakun da ba na gode masa. Da safen nan hadari ya haɗo ta gabas, mutane suka firfito suna murna. Ni ɗiyar manoma na tsaya a ƙofar buro, wato ofishinmu, Allah ya yafe mini, ina roƙon ya jinkirta mana ruwan da mako guda.