Na Soke Sunan Ɗana da Hannuna

A shekarun da nake ba ku labari, ni mutum ne da kowa ya sani a unguwarmu ta gindin Dala. Na buga ƙwallon tanis har ƙasashen waje, da ita na ci abinci, kafin gwiwata ta dama ta ce ta gaji. Da na dawo gida sai na zama koci, ina koyar da matasa a wani fili da ke bayan ganuwa. Mutane suna yabon adalcina, ni kuwa babu abin da ya kai wannan yabo daɗi a kunnena.

Cikin waɗanda nake koyarwa akwai ɗana na fari. A gidanmu ana kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi da yayana, ni kuma na kwashi wannan kunya na kai ta fili. Idan wani ya yi bugu mai kyau sai in tafa masa, idan ɗana ne sai in sunkuya ina gyara igiyar takalmi. Alhali wallahi ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ko ni a lokacin da nake tashe ban kama ƙafarsa ba, kuma na san haka sarai.

Yana ɗan shekara goma sha shida aka ce in zaɓi mutum ɗaya da za a kai horo ƙasar waje. Muka yi gasa, ya cinye kowa. Na rubuta sunansa, na zauna ina kallon takardar, ina ta saƙa abin da za a faɗa a majalisar unguwa: wai na samu dama na tura nawa. Sai na soke, na sa wanda ya zo na biyu. Mahaifiyarsa ta roƙe ni har da kuka, na ce mata ba ta san kan harkar ba. Abokaina suka yi ta cewa samun irina sai an tona, ni kuma ina ta fasa kai. Washegari ɗan nawa ya jingine raket ɗinsa na buga tanis a zaure, ya bi kawunsa kasuwa sayar da yadi. Na ce fushi ne, zai huce. Bai sake taka filin ba.

Bara na kwanta rashin lafiya, ya zo duba ni, yanzu magidanci ne da 'ya'ya uku. Na yi ta maza na nemi gafararsa, na faɗa masa duk cikin waɗanda na koyar babu kamarsa. Sai ya ce shi bai taɓa yin fushi ba. Ya ɗauka na hango wata kasawa ce a tare da shi, domin ya yarda da idona fiye da na kowa, shi ya sa ya haƙura. Ya tambaye ni ko na sha magani, ya tashi ya fita. Har yau in na tuna zuciyata ƙuna take yi.

Ba adalci na yi ba, sunana na kare, ɗana ya biya. Iyaye, kunyar ɗan fari al'adarmu ce, amma kada ta hana ku faɗa masa ya iya in ya iya. Yara suna yarda da shirunmu kamar yadda suke yarda da maganarmu.