Rezar da Ta Buɗe Gadar Garinmu

A gidanmu na Birnin Kudu, da an idar da sallar magariba muke kewaye murhun Inna Tabawa, kakarmu ta wajen uwa, tana gasa gyaɗa a rushi tana raba mana da son kai. Zamanin kuɗin fetur ne, tankokin mai na bi ta kan gadar bakin gari har kwanukan jerenta su riƙa kaɗawa. In wata ta wuce sai ta ɗaga kai ta ce, "Ku ji su, ko sannu ba sa ce min." Daga nan mun san labarin da za a yi.

Ba ta fara shi yadda ake fara tatsuniya, don ta ce wannan ba ya cikin masu ƙarewa da kan ɓera.

Wai da aka soma cewa gwamnatin 'yancin kai za ta kawo wa garinmu gada, wani maharbi a Kangire ya ce guda ɗaya ba za ta ishi gari ba ko da romo za a yi. Shi ta daji ya sani, mai ƙafa huɗu. Kafin wannan lokaci, in kogi ya kawo, masu fito ke ƙetarar da mutane bisa manyan goruna. In suka ce a'a, sai ka nemi inuwa ka jira ruwa ya sauka.

Cikin damina aka gama ginin. Aka tare bakin gadar da ƙyalle kore da fari, aka ajiye maigadi, ana jiran babban baƙo ya zo da almakashi. A makon ne 'yar Inna, Hajara, da ke aure a wani ƙauye kan hanyar Gwaram, ta kwana biyu a kan gwiwa, haihuwar fari. Inna na wurinta. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibiti, asibitin kuwa yana garinmu, a tsallaken kogi. Aka kwantar da ita a amalanken shanu. Da hantsi suka iso bakin kogi, ya cika ya batse, masu fito suka ce yau ko uwarsu ce ba za su shiga ba.

A nan Inna kan gyara zama. "Na ce da maigadi, 'Malam, ɗage mana tsumman nan.' Ya ce, 'Inna, ba a buɗe ta ba.' Na ce, 'Tukunya ce? Ina murfin?' Ya ce, 'Don Allah Inna, kada ki raba ni da aikina. Kuma an ce wanda ya fara hawa, mutanen ruwa za su ɗauke shi.' Na ce, 'To ni zan fara. In sun ɗauke ni, kafin la'asar da kansu za su dawo da ni.'"

Sai Hajara ta yi wani nishi. Inna ta kwance bakin zaninta, ta zaro sabuwar rezar da ta tanada don yankan cibiya, ta datse ƙyallen. Ta shige gaba ba takalmi, shanu na bin ta. Maigadi ya tsaya yana salati, can sai ya yar da sandarsa ya kama tura amalanke.

Kafin azahar aka haifi namiji. "Ga shi nan," in ji ta, tana nuna ni da muciya, "mijin nawa mai ƙaton kai. Shi ya hana mu barci kwana biyu." A asibiti almakashi suka sa wa cibiyata. Wato ni na samu almakashin, gada ta samu rezar.

Maigadi ya ƙulla ƙyallen, ya ɓoye ƙullin ta bayan ƙarfe. Bayan kwana tara babban baƙo ya zo ya yanka, aka yi tafi, aka busa algaita.

Na girma na zama malamin tarihi, na sha tsayawa gaban allon da ke bakin gadar, mai sunan baƙon da ranar buɗewa. A lissafin hukuma na girmi gadar da kwana tara, alhali ta kanta na ƙetaro kafin a haife ni. Ina yaro na ɗauka labarin tsiwar Inna ne kawai. Sai da na ga ana wucewa da masu naƙuda daga Gwaram da Wurno cikin ƙiftawar ido, ba mai roƙon ɗan fito, na gane cewa ranar da gada ta ceci mutum na farko, ranar aka buɗe ta.

Inna ta daɗe da rasuwa, allon yana nan da kuskurensa. Ban taɓa neman a gyara ba. Amma duk sanda zan hau gadar nan, sai na rage gudu na ce, "Sannu, Inna."