Fuskar da ke ƙarƙashin fenti

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da aka binne maigidana a nan Greensboro, ni kuwa har yau ban daina leƙa shagunan gwanjo ina duba zane-zanen bango ba.

Zane ya karanta a Zariya. Ƙarin karatu ya kawo mu nan farkon shekarun casa'in, muka kama ɗan gida a unguwar Glenwood. Karatu ya ƙare, ciki kuwa ba ruwansa da digiri, sai ya samu aiki da wani kamfani mai kai wa masu sayar da kujeru zanen ado. A aiko masa da ƙyallen kujera, a ce ya yi zane mai wannan launi, ba mutum, ba dabba, ba sa hannu. Nakan tsokane shi in ce, "Malam, ashe duk karatun nan kujera za ka yi wa kwalliya." Sai ya yi dariya ya ce ai kujerar ce ke ciyar da mu.

Abin da kamfanin bai sani ba, kowane allo sai ya fara zana fuskar wani na gida a kai: babarsa, mai shayin bakin layinmu, wani abokin makaranta. Ya zauna ya ƙare mata kallo, sannan ya shafe ta da launin da aka ce. Wai hannunsa ba ya motsi in ba mutum a gabansa. Wata rana na shigo na tarar da 'yar farinmu tana kallona daga allo, wadda ta rasu a Zariya tana shekara uku, ko hotonta ɗaya ba mu da shi. Na ce, "Don Allah ka bar min wannan." Ya ce allon na kamfani ne, motarsu na hanya, zai sayi nasa ya zana min ita. Bai kai ga zanawa ba, da sanyin wannan shekarar ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Yanzu an ce na'ura na fitar da zane kafin ka ƙifta ido. Da yana raye na san cewa zai yi ba a kan na'ura aka fara ba, tun a wancan lokacin launi masu saye ke so, ba ruwansu da mai hannun. Ni damuwata daban ce. Fuskar yarinyar nan tana ɓace min. Ina tuna goshinta, bakin ya tafi, kuma wanda zan tambaya ba ya nan.

Bara na ci karo da ɗaya daga cikin allunan nasa a gwanjon ƙofar gida a McLeansville, ruwan ƙasa da kore, an jingine shi da wani tsohon keke. Hannun Malam ko cikin dubu na san shi, nan take na saya. Ɗanmu Bashir ya ce min cikin Turancinsa akwai masu hasko abin da ke ƙarƙashin fenti, in ba shi ya kai. Na yi ta juya maganar a raina, daga ƙarshe na ce a'a. In aka haska aka ga ba ita ba ce fa? Sau biyu na rasa ta, ba ni da ƙarfin na uku.

Abin da ya rage min nasa ke nan, allo ɗaya a bangon ɗakina. Duk safiya in na idar da salla nakan gaishe su, shi da wanda ya ɓoye a ciki. Allah ya jiƙansu.