Kwanon Baba Ya Dawo Wayam, Gwaggo Marka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Laraba, 7 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Marka a ɗakinta da ke Gummi, bayan jinyar kwana tara. Ƙanwar surukina ce, mahaifin maigidana, wanda muke kira Baba. An yi mata sutura kafin azahar. Na zauna rubuta wannan ina zaton kuka zai hana ni, sai ga shi duk abin da na tuno game da ke, Gwaggo, dariya yake fara sa ni.

Da aka kawo ni gidan nan, buhun littattafan soyayyata ya fi kayan kicin ɗina nauyi. A cikinsu na koyi girki. Amaren littafi ba sa tuƙa tuwo, sai soyayyar shinkafa da hanta da haɗin kabeji. Saboda haka ranar da maigidana ya fara damƙa mini kuɗin cefanen mako, ya hau babur ya tafi makarantar da yake koyarwa a Gwashi, na shiga kasuwa na zabge su a kan kabeji da karas da koren wake da soyayyen nama. Kafin Litinin babu ko daddawa a ɗakina.

Wannan bai dame ni ba kamar kwanon Baba. Kullum na aika masa abinci, sai ya dawo kusan yadda ya tafi. Tsoho yana ramewa a gabanmu, rigarsa tana yi masa yawa, aka fara raɗe-raɗin a mayar da girkinsa hannun wata. Ni kuwa suruka ce. Ko hanya muka haɗa sai na durƙusa na kau da kai, balle in tambaye shi abin da yake so.

A nan kika same ni, ina hawaye a bakin murhu da littafi a cinya. Kika karɓe shi kika juya, ke da ba ki karanta boko, kika ce, "Wagga mai jan baki ta bangon littafi, ita ka ba yayana abinci?" Sannan kika jawo kwanon da ya dawo kika ajiye a gabana. "Kina son wasiƙa ko? To ga wadda Baba ya rubuto miki. Mi kinka gani?"

Na ce na ga abinci. Kika ce in ƙara dubawa. Sai na lura ya tsame naman ya jera a gefe, bai taɓa karas ba, ya ci shinkafar da romo ya jiƙa kawai. A hankali na ce, "Haƙora." Kika tafa hannu kamar na ci jarrabawa. Da na tambaye ki me ya sa ba ki faɗa mini ba tun farko, kika ce, "Na sani tun bara. In na gaya miki yau, gobe wa za ya gaya miki?"

Daga ranar kika hana ni zuwa kasuwa sai na yi kwana uku ina karanta kwanuka. Ashe maigidana ma ba ya cin abu mai nauyi kafin ya hau babur, koko ya fi so. Ashe ni kaina kabejin nan don hoto nake saye. Kin ce cefane a gida ake fara shi, kasuwa wurin ɗauko amsa ce kawai.

Ranar kasuwa muka tafi tare. Na kai hannu kan mudun wake, kika buge shi. "Gwangwani guda, amarya. Gwaji za mu yi, ba biki ba." Na yi faten wake mai laushi, kwano ya dawo da rabi, domin na cika attarugu. Na so in yi fushi, kika yi ta dariya har da riƙe ciki, kika ce ai gwangwani ɗaya muka yi asara, kuma mun sami labari. Mako na gaba muka sayi busasshen kifi kashi ɗaya, da kuka, da daddawa, muka jira har la'asar masu tumatir suka sauko da farashi. Na cire ƙaya, na daka kifin ya zama gari, na zuba a miya, na tuƙa tuwon dawa mai taushi.

Kwanon ya dawo wayam, da goro biyu a ciki. Kika yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ta haihu. Kuɗin da ba su kai Litinin ba a da, ga shi suna zagayo mako har da na nono. Baba ya murmure, ba a sake zancen karɓe girkinsa ba.

Da kika rasu, Gwaggo, yayanki ya daina cin abinci. Kwana biyu kwanonsa yana dawowa ba a ko buɗe ba, na kuwa karanta abin da ya rubuto. Ranar sadakar uku na yi masa kunun gyaɗa da tsamiya, irin wanda kika taɓa ce mini Innarku tana dama muku kuna yara, na zuba kaɗan, gwaji. Maigidana ya dawo da kwanon yana murmushi. Ba komai a ciki sai goro biyu.

Ya Allah Ka jiƙan Gwaggo Marka, Ka yalwata kabarinta, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta koya mana ciyar da bayinKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanta Hafsa da Ma'u, da jikokinta na Gummi da Anka da Bukkuyum. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Hamida Sufyanu, Gummi