Audugar Sifika da Kushin Alhaji Sabo

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Alhaji Sabo ya kira ni ɓarawo a gaban duk 'yan layinmu na Abakpa ba. Ɓarawon me? Iska. Wai na sace abin da tun a ƙasar da aka ƙera sifikar ba a taɓa saka shi a ciki ba. Ku masu koyon gyara yanzu ku saurara, don a sana'ar nan ba wutar lantarki kaɗai ke jan mutum ba.

Lokacin mulkin soja ne, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Shagon na Alhaji Sabo ne, aikin nawa. Shi ɗan kasuwa ne, yana bin gidajen Turawa masu komawa ƙasarsu yana sayo tsofaffin rediyo da garmaho da sifiku, ni in tashe su, shi ya sayar. Bai san bambancin waya da igiyar guga ba. Aikinsa ya zauna a kujerar ƙarfe a ƙofar shago yana cewa "injiniyana", kamar shi ya haife ni. Ni a aji biyar na tsaya a firamare, ban taɓa ɓoyewa ba, amma ko ƙusa ta wani ban taɓa sawa a aljihu ba.

Wata rana wani babban ma'aikacin gwamnati, wanda kowa ke ce wa Darakta, ya kawo sifiku biyu a bayan mota. Katako ne mai nauyi, kowace ta kai min ƙugu. Ya ce ya sayo su ne lokacin da ya je kwas ƙasar waje, yanzu sai ƙarar kumbo suke kamar kwaɗo ya shiga tulu. Kafin ya miƙa mana sai da ya fito da jan farcen matarsa ya ɗiɗɗiga wa kowace ƙusa ta gaba. Haka masu kawo gyara suke yi a Kaduna lokacin, don kada a musanya musu kaya. Ban ji haushi ba. Mun saba.

Ga wanda bai san aikin ba: bakin sifika kwali ne, an zagaye gefensa da soso mai laushi don ya riƙa shiga yana fita. In ta tsufa soson nan ne ke ruɓewa ya zama gari. Ta gaba ake kwance ta, a kankare ruɓaɓɓen, a yanko sabon zobe, a daidaita koyil, wato naɗin wayar da ke tsakiya, kada ya goga, a shafa gam, a bari ya bushe. Sannan a taɓa mata batirin tocila a ga duka biyun waje ɗaya suke turawa. In ka ciro bakin ka leƙa akwatin, ba abin da za ka gani sai 'yan wayoyi da wata auduga rawaya an lulluɓe bango da ita. Ba ta gona ba ce, zaren gilashi ne. Ita ke shanye kuwwa don kada akwatin ya yi amo kamar ganga. Ba a taɓa ta da hannu tsirara. Ku riƙe wannan.

Na gama aiki, na sa masa kaset, kalangu ya fito tas har tela Audu, maƙwabcinmu, ya bar kekensa ya leƙo. Darakta ya ƙirga jan farcensa, ya same shi cif, ya tafi yana murna.

Washegari sai ga motar ta dawo da gudu. Ashe wani abokinsa ya ce masa ai masu gyara ta baya suke sata. Darakta ya sa sukundireba ya ɓalle bayan akwatin.

"Malam Sabo, zo ka gani!" Yana ihu yana nuna ciki. "Akwati kamar rumbu, ba komai sai auduga! Ina injin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta da inji. Haka take."

"Haka take? Bature zai ƙera wannan ƙaton abu ya cika shi da iska? Ni za ka mayar ɗan ƙauye?"

Mutane suka taru, mai shayi, mai faci, masu jiran motar Kawo. Ni ban damu da Darakta ba, baƙo ne, bai san ni ba. Alhaji Sabo na duba, wanda na yi shekaru ina cika masa aljihu. Ya leƙa akwatin, ya dubi motar Darakta, ya dube ni. Nan take ya zaɓi mota.

"Tanko, ashe kai ɓarawo ne? Ka cire injin mutane ka cusa auduga? Wallahi ranka ya daɗe na daɗe ina zarginsa."

Ya sa ni in kwashe audugar sifikun biyu a gaban jama'a, wai kowa ya ga abin kunyata. Na sa leda a hannu biyu na fara ciro ta. Ya ce, "Kun gani ko? Har ƙyamar aikinsa yake." Ta cika buhu guda. Na ga ya dafa buhun da ƙafa yana jin laushinta, idonsa ya yi irin hasken da yake yi in ya ga abin banza.

Na ce, "Alhaji, wannan audugar fa ba a..."

"Rufe min baki! Ɓarawo ba shi da bakin magana a shagona."

Na rufe.

Daga ranar ba wanda ya sake ba ni ko tocila in gyara a Abakpa. Jarin sana'armu suna ne kawai; in an ce kana cire kaya, ka mutu kana tafiya. Na koma gefen tashar Kawo da tebur da lema, ina liƙa eriyar ƙananan rediyo. In na wuce Unguwar Shanu yara na cewa ga Tanko mai auduga. Matata ta daina zuwa biki.

Tela Audu ne ke kawo min labari. Ya ce Alhaji ya kai masa buhun ya ɗinka masa kushin na kujerar nan tasa ta ƙarfe, da ragowar kuma filo na gida. Da yadi mafi araha, shara-shara, don Alhaji ba ya ɓarna. Audu ya ce shi kansa kwana biyu yana susar hannu, ya zaci ƙazuwa ce.

Ana tsakiyar zafi. Mutum mai ƙiba, wando marar kauri, ga gumi, ga zama tun safe har la'asar. Audu ya ce da farko Alhaji gyara zama kawai yake ta yi. Daga baya ya koma goga jiki da kujera a ɓoye. Kafin mako ya zagayo yana ciniki da hannu ɗaya, ɗayan na aiki a baya, ko gaban matan mutane. In ya koma gida ya huta, filo ya karɓi aiki a wuya da kunne. Ya sha maganin kemis, ya shafa man shanu, ya daina cin ƙwai da kifi. Da ciwon ya tsananta sai ya ƙara zama a kushin, wai ƙarfe na fama masa. Darakta kuma ya dawo da sifikunsa, yanzu da gaske suna amo kamar ganga, ya ce a nemo injinsa ko a haɗu a ofishin 'yan sanda.

Sai ga Alhaji a Kawo, Audu na biye da shi, yana tafiya ƙafa a buɗe kamar wanda ya sauka daga raƙumi.

"Tanko, ka ji tsoron Allah. An duba min, an ce jifa ne, kuma daga wajenka. Ka warware."

Da can ni ɓarawo ne, yanzu na samu ƙarin girma na zama boka. Na ce, "Ni ban iya jifa ba, Alhaji. Amma na san maganin abin da ke damunka. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka tara mutanen da ka tara ranar nan, har Darakta. Ka fito da baƙar sifikar nan da ka kulle a sito, wadda ban taɓa ko gogewa ba."

Ba don gaskiya ya yarda ba. Don susa ya yarda.

Ranar Juma'a layi ya cika. Na ce ni ba zan taɓa ba, shi zai buɗe da hannunsa. Ya kwance ƙusoshin yana tsayawa yana susa, ya ɗaga bayan. Iska, 'yan wayoyi, auduga rawaya. Mai shayi ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Darakta ya cire tabarau ya leƙa, ya ce, "Af." Abin da na samu daga wajensa ke nan, af. Amma ya tambaya ko zan mayar masa da audugarsa.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku koya: mai kawo gyara in ya zarge ka, rashin sani ne, ana warkewa. Wanda ka yi wa bauta kuwa ya san gaskiyarka sarai, sai dai yana da farashin da zai sayar da ita.

Alhaji bai ce in yafe masa ba. Cewa ya yi, "To shi ke nan, injiniyana, abin da ya wuce ya wuce. Gobe ka dawo aiki. Ina maganin?" Yana faɗa yana komawa kan kushin.

Na bari sai da ya zauna sosai. Sannan na matsa kusa, na ɗaga murya yadda ya ɗaga tasa ranar nan.

"Alhaji, a kan injin Darakta kake zaune. Gilashi ne. Ranar da ka dafa buhun na buɗe baki zan gaya maka, ka ce in rufe. Duk shekarun da na yi maka aiki ban taɓa bin umarninka da daɗin rai kamar wannan ba. Shagonka ba zan dawo ba. Kushin ka ƙona shi. Filon kuwa ka adana, duk ranar da ka ji sha'awar kiran wani ɓarawo ka fara kwana a kansa tukuna."