Tamae Shiomi, Mai Rigar Abokan Karawa

Ƙarfe shida na safe Tamae Shiomi take isa ɗakin wasa. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta rusuna wa filin, yadda kowace 'yar ƙwallon kwando ke yi a nan Japan, ta ɗauki tsumma ta hau goge katako, aikin da na sababbin shiga ne. Daga nan ta wuce aikin ofis a masaƙar garinmu, wadda ta mallaki ƙungiyarmu, da rana kuma a fita atisaye. Shekara sha huɗu ke nan tana haka.

Da take jami'a a Sendai, babu mai yawan makinta. Ta zo mana da kai a sama, gwiwarta ta gurɗe tun a shekarar farko, kafin ta warke wata ta gaje gurbin. Koci Hirase, dattijon da bai iya lallashi ba, ya miƙa mata riga ruwan ɗorawa, wadda mai kwaikwayon abokan karawa ke sawa a atisaye. Duk mako Tamae ta zauna ta ƙare wa gwanar wata ƙungiya kallo a bidiyo, ta zo ta zama ita, don 'yan wasanmu su saba. Ran wasa kuwa sai benci. Ni dai abin ya sha ƙona mini rai, amma ita ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Bana likita ya ce gwiwar ta gama. Bana ne kuma muka kai wasan ƙarshe, mu da ba mu taɓa ɗaga kofi ba. In aka rasa, Tamae za ta tafi hannu rabbana. Gwanar abokan karawarmu, Rumi Ogasa, bahaguwa ce, don haka Tamae ta yi mako uku komai da hagu take yi, har riƙe tsinken cin abinci.

"Yaya Tamae, shinkafar nan ke kike ci ko teburi?" in ji Chiho, mai tsaron bayanmu.

"Ci naki ki rufe mini baki. Ran Lahadi za ki gode wa teburin nan."

A cikin kwaikwayon ne ta gano Ogasa na sauke kafaɗar dama kafin ta juya. Ta yi wa Chiho wannan juyin sau ba adadi, har yarinyar ta ce ko a mafarki tana ganinsa.

Ran Lahadi, saura daƙiƙa huɗu, muna gaba da maki ɗaya, ƙwallo na hannun Ogasa. Kafaɗa ta sauka. Kafin ta juya Chiho ta riga ta tare gurin, ta ƙwace ƙwallon. Aka busa tashi. Tamae ko daƙiƙa ɗaya ba ta taka filin ba.

A al'adarmu koci ake fara ɗauka a cilla sama. 'Yan matan suka yi kan Hirase, ya ja da baya.

"Ku rabu da ni, bayana ciwo yake. Ga wadda ta ci wasan can tana tattara tawul."

"Koci, ni ko gumi ban yi ba," in ji Tamae.

"Kin yi na shekara sha huɗu. Ku ɗauke ta."

Sau sha huɗu suka cilla ta, muna ƙirgawa muna hawaye.

Tamae, ke ce kika yarda 'yan'uwanki su yi ta cin ki a atisaye don kada wani ya ci su a fili. Gwanar da allon maki bai san da ita ba, mun gode. Ku kuma 'yan baya, ran da aka miƙo muku rigar nan ruwan ɗorawa, ku karɓa da hannu biyu, ku tuna wadda aka fara cillawa sama.