Kwalin Huluna a Motar Baba Direba

Unguwar da Baba Direba yake zaune tana bayan gari ne, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Mutanenta ma'aikata ne da 'yan fansho waɗanda tsadar hayar cikin gari ta kora. A siyasa bakinsu ɗaya, kusan kowane gida na jam'iyyar masu shuɗiyar hula ne. Sai dai abin a baki ya tsaya. Rumfar zaɓensu tana wata makaranta can ƙetaren babban titi, tafiyar awa guda a ƙafa, masu motar haya kuma ba sa leƙo unguwar ranar zaɓe. Sai ka ga mutum ya yi wata uku yana tada jijiyar wuya a shagon aski, ranar ta zo ya miƙe ƙafa a gida yana sauraren rediyo. Cikin mutum ɗari tara, in sittin suka fita an yi ƙoƙari.

Baba Direba ne ya fitar da su kunya. Shekara talatin ya yi yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin takalma. Da ya ajiye aiki ya sayi tsohuwar bas ɗin, mai kujera goma sha takwas, wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Duk ranar zaɓe yakan ajiye ta a gindin famfo ya yi ta jigilar mutane kyauta har a rufe rumfa. Dokarsa ɗaya ce. A bakin ƙofa akwai kwalin sabulu, duk mai hular jam'iyya sai ya jefa ta ciki kafin ya hau.

"A motata ba a kamfe," in ji shi. "In mun dawo kowa ya ɗauki abarsa."

Abin dariyar, shi ɗan jam'iyyar rawayar hula ne, kusan shi kaɗai a layinsu, kuma tasa ce ke fara shiga kwalin. Ya san sarai waɗanda yake ɗauka gwaninsa za su je su kayar. Ana masa tsiya, yana dariya yana sa giya. Da haka sittin suka zama ɗari biyu, ɗari biyu suka zama ɗari biyar.

Sai ga shekarar da ƙanensa, mai kemis, ya fito takarar kansila a jam'iyyar rawaya. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Baba Direba ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Saura kwana biyu zaɓe ya zo ya same shi a ƙarƙashin mota yana juye baƙin mai.

"Yaya, abu ɗaya na zo roƙo. Jibi motar nan ta huta. Ka ce birki ya lalace."

"Birkin da na sa sabo jiya?"

"Na sani. Sauran unguwanni nawa ne, nan kaɗai nake tsoro. Duk wanda ka ɗauka, ni zai kayar. Ban taɓa roƙonka irin wannan ba, Yaya."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba, shi ya sa maganar ta tsaya wa Baba Direba a rai. Ranar zaɓe har ƙarfe takwas yana zaune a ɗaki da makulli a hannu. Da ya ɗaga labule sai ya hango gindin famfo. Mutane sun yi layi, kowa riƙe da hularsa tun kafin a fito da kwali. A gaba ga wata tsohuwar malamar makaranta, kayanta sun sha guga, ta dogara da sandarta, tana duban ƙofar gidansa. Ya sauke labulen, ya ɗauki kwalin ya fita.

Sawu ashirin da bakwai ya yi. Ƙanensa ya faɗi da ƙuri'a goma sha ɗaya, ko cikin mota guda ba su kai ba.

Daga ranar mai kemis ya ɗauke ƙafa. In sun haɗu a gidan 'yan'uwa, gaisuwa ce a tsaye. Abin ya ci ran Baba Direba ƙwarai, har maganin gwiwarsa ya koma saya a wani kemis don kada ya ga fuskar ƙanensa a ɗaure. Unguwa kuwa ta ci riba. Da manya suka ga yawan ƙuri'unta suka tuna da ita, kwalta ta ƙaraso har famfo, aka kuma kawo rumfar zaɓe firamaren unguwa. Mutane ba su manta wanda ya jawo ba. Ko a layin awon hatsi ba a barinsa ya tsaya, kuma ya cancanci fiye da haka.

Da zaɓe na gaba ya zo an daɗe da sayar da bas, gwiwa ta ƙi. Firamaren tafiyar minti goma ce, amma ta fi ƙarfinsa. Ya zauna a ƙofar gida da rawayar hularsa yana kallon mutane suna wucewa, yana amsa gaisuwa, yana cewa yanzu zai taho.

Wajen la'asar wata ƙaramar mota ta tsaya a gabansa. Ƙanensa ya fito ya buɗe ƙofar gaba. A kan kujera ga kwalin sabulu.

"Tun safe nake jigilar tsofaffi, Yaya. Kai ne sawun ƙarshe." Ya ɗauki kwalin ya miƙo masa, idonsa a ƙasa. "Sai dai ka san doka."

Baba Direba ya cire hular. A cikin kwalin akwai shuɗaye biyu da aka manta, can ƙasansu kuma rawaya guda ta ƙanensa, wadda ta fara shiga tun safe. Ya ɗora tasa a kai.

"Na gode, ƙanena," ya ce. "Kama ni in tashi."